Mun kafa wa satifiket iyakar suna, me ya sa bai tare adireshin IP ba?

Tambaya: Ni nake kula da kwamfutocin wani ƙaramin kamfani. Mun kafa namu mai bayar da satifiket na cikin gida (satifiket shi ne shaidar dijital da shafi ke nuna wa burauza don tabbatar da ko shi wane ne), muka sa masa iyaka cewa kada ya sa hannu sai ga example.com da rassansa. Na gwada shi da sunan wani shafi na waje, burauza ta ƙi. Amma da na fitar da satifiket mai ɗauke da adireshin IP kaɗai, sai ta karɓa. Iyakar ce ba ta aiki, ko mu muka yi kuskure?

Amsa: Malam, iyakar tana aiki, burauzar ma ba ta yi laifi ba. Abin da kuka rubuta shi ta bi.

Ƙa'idar tana cikin RFC 5280 na shekarar 2008, kundin da ya tsara yadda ake tantance satifiket a intanet. Iyakar suna ba ta hana mai bayarwa sa hannu a kan duk abin da ya ga dama; mai tantancewa, wato burauza ko manhajar da ke karɓar satifiket ɗin, shi ne zai duba ya ƙi. Jeri biyu yake dubawa: sunayen da aka halatta, permittedSubtrees, da waɗanda aka haramta, excludedSubtrees. In suna ya faɗa cikin duka biyun, haramci ne ke rinjaye. In kuma masu bayarwa biyu ne a jere kowa da iyakarsa, na ƙasa yana iya ƙuntata abin da na sama ya halatta, amma ba ya iya faɗaɗa shi.

Inda kuka tuntuɓe shi ne kowane nau'in suna da hisabinsa daban. Sunan DNS, wato sunan shafi irin example.com, daban, adireshin IP daban, adireshin imel daban. Kun yi magana a kan sunan DNS, kun yi shiru a kan IP, shirun kuwa a wannan ƙa'ida izini ne. Kamar maigadi ne da aka ba jerin motocin da za su shiga, ba a ce masa komai game da babura ba. Gyaran shi ne ku sa dukkan adireshin IP cikin jerin haramci: 0.0.0.0 da netmask 0.0.0.0 (wato kowane adireshi) don IPv4, sannan ::/0 don IPv6. Dokokin CA/Browser Forum, ƙungiyar masu bayar da satifiket da masu yin burauza, ma haka suka wajabta wa duk mai bayarwa na tsakiya (wanda wani mai bayarwa na sama ya sa wa hannu) da ake son a ɗauke shi a matsayin ƙuntatacce alhali ba a ba shi izinin IP ba. In kuna buƙatar wasu adireshi na cikin gida, ku halatta zangonsu kaɗai.

Sunan DNS kuma gaɓa-gaɓa ake gwama shi daga dama, ba harafi-harafi ba. Iyakar example.com ta ƙunshi www.example.com, amma ba ta ƙunshi bigexample.com ba.

Abin da ya fi damuna shi ne inda ake ajiye iyakar. Ku sa ta a satifiket na tsakiya, kada ku dogara da wadda ke jikin tushe, wato satifiket na can sama da ake sa wa na'ura ta amince da shi, domin RFC 5280 bai tilasta wa mai tantancewa karanta iyakar tushe ba, manhajoji kuma sun bambanta a nan. Ku yi mata alamar critical, don manhajar da ba ta san wannan fili ba ta ƙi satifiket ɗin gaba ɗaya maimakon ta tsallake shi. Sannan ku kula da tsofaffin manhajoji masu neman sunan shafi a filin Common Name, tsohon wurin rubuta suna a jikin satifiket. Chrome ya daina haka tun siga ta 58 a 2017, amma na'urar da ba ta daina ba tana iya karɓar sunan da iyakar DNS ba ta leƙa ba.

Wannan kariya tana da amfani na gaske. A watan Disambar 2013 an gano satifiket na shafukan Google da aka fitar ba da izini ba ta ƙarƙashin ANSSI, hukumar tsaron intanet ta Faransa. Bayan haka Google da Mozilla suka taƙaita tushen hukumar ga .fr da sunayen yankunan Faransa na ƙetare. Sai dai manhajojin da ke tantancewar su ma suna iya samun ɓaraka: laburaren tantancewa OpenSSL 3.0.7 na ranar 1 ga Nuwamba 2022 ya fito ne don toshe ramuka biyu a wurin duba iyakar adireshin imel. Saboda haka ku tabbata laburarenku sabo ne.

Gwajin da ka yi shi ne daidai, ka ƙara faɗaɗa shi. Bayan gyaran, ka fitar da satifiket na ganganci: ɗaya mai IP, ɗaya mai sunan waje a Common Name kaɗai, ɗaya mai sunaye biyu, na halal da na haram a haɗe. Ka gwada su a kowace burauza, a waya, da manhajar curl, da manhajojin Java ko Go in kuna amfani da su. Duk wadda ta karɓi ɗaya daga cikinsu, kada ku sa mata tushenku sai an sabunta ta.