Baba Ya Yi Shiru Tun da Muka Kai Shi Gidan Kula da Tsofaffi

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina shekarunsa 81, tun yana saurayi yake zaune a Ingila. Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki, ga mantuwa ta fara kama shi. Ni da maigidana duk muna aiki, ɗawainiyarsa ta fi ƙarfinmu, muka kai shi gidan kula da tsofaffi a Birmingham. Gidan tsaf yake, abinci a kan kari, amma wata huɗu ke nan ya zama shiru-shiru, ya rame. Me ke sa tsoho ya ji daɗin zama a irin wannan wuri, ni kuma me zan iya yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya ba ki ladan jinya.

Mu fara da jiki, don shi ya fi saurin gyaruwa. Tsohon da mantuwa ta kama ba kasafai zai ce "nan ke mini ciwo" ba. Sai dai ya yi shiru, ko ya ƙi abinci, ko ya riƙa faɗa. A wani bincike da aka wallafa a 2011, an bi tsofaffi 352 masu mantuwa a gidajen jinya na ƙasar Norway, aka riƙa ba wani rukuni maganin ciwo a kai a kai na mako takwas, akasari farasitamol ne kawai. Rikicinsu ya ragu, da aka daina bayarwa kuma ya dawo. Don haka ki nemi likitan gidan ya duba ciwon gaɓoɓi, taurin bayan gida, cutar fitsari, gyambon kwanciya da ciwon damuwa, wanda ke yawan biyo bayan shanyewar jiki. Ki karɓi jerin magungunansa ki tambayi amfanin kowanne, musamman masu sa barci da kwantar da masu rikici. Wasunsu na ƙara haɗarin faɗuwa da sake shanyewar jiki. Tabarau, na'urar ji da haƙoran roba ma ki duba. Mutum ya rame, haƙoran sun yi masa yawa, tauna ta zama azaba, sai a rubuta cewa ba ya son abinci.

Idan jiki lafiya, to a ganina ga inda gizo ke saƙar. Baba magidanci ne, shekara da shekaru shi ke cewa a yi ko a bari. Yau wani ne ke yanke masa lokacin tashi, lokacin wanka, da rigar da zai sa. A 1976 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Ellen Langer da Judith Rodin, sun gwada wani abu a gidan tsofaffi a jihar Connecticut ta Amurka. Mazauna wani bene aka ba su shuka a tukunya aka ce su za su kula da ita, su kuma zaɓi daren da za su kalli fim. Na wani benen ma an ba su shukar, amma ma'aikata ke ba ta ruwa, su ke tsara komai. Rukunin farko suka fi walwala da kuzari, kuma bayan wata 18 waɗanda suka rasu a cikinsu kusan kashi 15 ne cikin ɗari, a ɗaya rukunin kusan kashi 30. Mutanen ba su kai ɗari ba, saboda haka ba na ɗora nauyi sosai a kan lissafin mutuwar. Batun walwalar kuwa, duk mai jinyar tsofaffi ya san haka yake. Ki ce a riƙa tambayarsa: wanka yanzu ko bayan karin kumallo? Wace hula? Ki kuma ba shi aiki. Jikoki su zo ya biya musu Fatiha, ki kawo masa maganar gida ki nemi shawararsa da gaske.

Sai harshe. Mantuwa kan fara cin harshen da mutum ya koya daga baya, ta bar na nono. Mai yiwuwa Turancin Baba ne ke zamewa, ma'aikata suna magana yana jin hayaniya kawai. Ki gwada shi da Hausa zalla, ki ambaci unguwarsu da abokan ƙuruciyarsa, ki ga ko fuskarsa za ta canja. Ki rubuta wa ma'aikata kalmomi goma a takarda: sannu, ruwa, ciwo, salla, da sauransu. Ki kunna masa BBC Hausa da karatun Alƙur'ani na muryar da ya saba da ita.

Salla kuwa kada ki bari a ɗauke ta abin ganin dama. A sa lokutanta a cikin tsarin kulawarsa, a san yana iya yi a zaune ko a kwance, a ajiye masa dutsen taimama da carbi, a nuna alƙibla a bango. Idan yana jin nauyin mace ta yi masa wanka, ki faɗa a rubuta. Dattijo na iya haɗiye wannan kunyar ya ƙi magana gaba ɗaya. Abincin halal haƙƙinsa ne, kunu da tuwo mai laushi daga gida kuma sukan buɗe ciki, amma ki fara tambayar mai duba haɗiya, don masu shanyewar jiki kan ƙware, abinci ya bi hanyar huhu.

Hukumar CQC, mai sa ido kan gidajen kula da tsofaffi a Ingila, na wallafa sakamakon binciken kowane gida a intanet, ki karanta nasu. Amma idonki ya fi rahoto. Ki je ba sanarwa, da yamma ko ranar Lahadi. Fuskokin da kika gani makon jiya su ne yau, ko kullum sababbi? Suna durƙusawa su yi masa magana, ko a kansa suke hira da juna? Ziyarar rabin awa sau uku a mako, a ranakun da ya sani, ta fi masa wuni guda a wata. Ki raba ranakun da 'yan'uwa da mutanen masallacinsa, sannan ki nemi zama da shugabar ma'aikatan jinya a wannan makon, ki tafi da jerin magungunan da nauyinsa na wata huɗun nan.