Tambaya da Amsa: In sayar da fili in tafi Urushalima?

TAMBAYA: Malam, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni gwauruwa ce, shekaruna 63, na yi ritaya daga koyarwa a firamare, kuma ina cikin Zumuntar Mata ta cocinmu na Katolika. Fadanmu ya sanar cewa ana shirya mana ziyarar kwana goma zuwa Ƙasa Mai Tsarki, duk mai so ya ba da suna ya fara biya. Tun ina yarinya nake marmarin ganin Baitalami. Abin da ke hannuna bai kai rabin kuɗin ba, amma akwai fili da maigidana ya bar mana a bayan gari. Na ce zan sayar, babban ɗana ya ce bai yarda ba, yau sati biyu ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ya ma ce wuraren da ake nunawa duk ƙirƙira ce. Shin gaskiya ne? Sannan wata ƙawata ta wata ikilisiya ta ce an sake yi mata baftisma a Kogin Urdun, ni ma ina so. Ga kuma ciwon gwiwa da ke damuna. Ka ba ni shawara.
Daga wata uwa a Kudancin Kaduna.

AMSA: Mama, na gode da wannan wasiƙa, Allah ya ji ƙan Baba. Zan fara da abin da ya fi nauyi: kada ki sayar da filin nan.

Na san wannan ba ita ce amsar da kike so ba. Mu da muka tashi tare da maƙwabta Musulmi mun saba ganin yadda ake raka maniyyata da yadda ake tarbar alhazai, har ba mu ankara ba muka ɗauki ziyarar Urushalima da irin wannan ma'auni. A wurinsu aikin Hajji rukuni ne na addini ga mai iko. A wurinmu Ikilisiya ba ta taɓa wajabta wa kowa zuwa Ƙasa Mai Tsarki ba. Ibada ce mai kyau, mai daɗaɗɗen tarihi, amma ta ganin dama. Ki duba Yohanna sura 4, inda Basamariyar nan ta tambayi Yesu ko a kan dutsensu ne ya kamata a yi sujada ko a Urushalima. Ya amsa mata cewa lokaci na zuwa da ba dutsen ba ne, ba kuma Urushalima ba, masu sujada na gaskiya za su yi ta cikin ruhu da gaskiya. Yesun da kike karɓa a Misa ranar Lahadi a ƙauyenku shi ne ake karɓa a bakin kabarinsa a Urushalima, ba a rage miki komai ba. Haruffan JP, wato wanda ya ziyarci Urushalima, da wasu ke liƙawa bayan sunansu al'adarmu ce ta nan gida, ba muƙami ba ne a Ikilisiya.

Fili kuwa gado ne, 'ya'yanki na da haƙƙi a ciki. Yesu da kansa ya ce idan ka kawo baiko gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka na da wata magana da kai, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Ba zan so ki durƙusa a Golgota zuciyarki na can gida wurin ɗan da ba ku magana ba. Ni da kaina shekara uku na yi ina zuba adashe kafin na tafi, rukuni biyu suka tafi suka bar ni, na uku ne na samu. Ki kira 'ya'yan duka, ki faɗa musu abin da kika faɗa mini, cewa tun kina yarinya kike wannan buri. Sau da yawa ɗan da ya ƙi a sayar da fili shi ne zai fara kawo nasa gudummawar idan aka bi da shi ta hanyar da ta dace. Ki kuma leƙa hukumar jin daɗin masu ziyara Kirista ta jiharku, wadda ke aiki da hukumar ƙasa da aka kafa a 2007, ki ji yadda nasu tsarin yake. Kuma kafin ki biya ko kwabo, ki tambayi Fada me zai faru da kuɗinki idan aka ɗage tafiyar. Bayan yaƙin da ya ɓarke tsakanin Isra'ila da Hamas a Oktoban 2023 rukunoni da yawa sun ɗage tasu, don haka a rubuta wannan a takarda.

Batun baftisma gajere ne. Ba a maimaita ta. Afisawa 4:5 ta ce Ubangiji ɗaya, bangaskiya ɗaya, baftisma ɗaya, kuma haka muke furtawa duk Lahadi cikin shaidar bangaskiya. Abin da Fada zai yi muku a bakin kogin shi ne sabunta alkawuran baftisma, kamar yadda muke yi a daren Ista: ya tambaya, ku amsa, ya yayyafa muku ruwa. Kuma ki shirya ranki, domin Urdun ba Kogin Kaduna ba ne. A wurin da ake kira Kasar al-Yahud, kusa da Yariko, ruwan siriri ne mai launin ƙasa, har kina iya jin waƙar masu ziyara da ke tsallake a ɓangaren ƙasar Jodan. Wata dattijuwa a cikinmu ta tsaya ta ce, "Wannan ne?" Na tuna mata da Na'aman, wanda shi ma ya raina kogin nan ya ce na Dimashƙu sun fi shi, amma a cikinsa ya warke.

Yanzu ga maganar ɗanki. Bai yi gaskiya duka ba, amma bai yi ƙarya duka ba, kuma gara ki ji daga bakina kafin ki je.

Wuraren hawa-hawa ne. Akwai waɗanda babu mai gardama a kansu. Tekun Galili shi ne dai Tekun Galili, tafki ne mai tsawon kilomita kusan 21, yana kwance wajen mita 210 ƙasa da matakin teku, duwatsu sun kewaye shi. Dutsen Zaitun yana nan inda yake, da Kwarin Kidron a gindinsa. A Kafarnahum an tono tsohon garin, za ki ga tushen gidajen masunta na baƙin dutse, da ɗakin da Kiristocin farko suka keɓe suka mai da wurin sujada, wanda ake ɗauka gidan Bitrus ne. Cocin da aka gina a 1990 yana tsaye a samansa, ta gilashin da ke tsakiyarsa ake leƙa ƙasa.

Cocin Kabari Mai Tsarki ma hujjarsa na da ƙarfi. A zamanin Yesu wurin tsohuwar mahaƙar dutse ce a bayan ganuwa, da kaburbura a jikinta, daidai da abin da Yohanna ya faɗa, cewa kusa da birni ne kuma akwai lambu. Daga baya birnin ya faɗaɗa ya haɗiye shi. Sarkin Roma Hadriyan ya gina haikalin gumaka a kai, sai a zamanin Sarki Konstantin aka rushe haikalin aka tono kabarin, aka keɓe coci a shekarar 335. An rushe shi a 1009, aka sake ginawa. Amma Hanyar Gicciye da ake bi a cikin tsohon birni, mai tashoshi 14, daga baya aka tsara ta. Titunan da Yesu ya taka suna can ƙarƙashin na yanzu, kuma masana da dama na ganin Bilatus ya yi shari'ar ne a fadar Hirudus, a ɗaya gefen birnin. Ikilisiya ba ta ɓoye wannan, ba ta kuma ce dole ki gaskata cewa a kan wannan dutsen ne ya faɗi ba. Ana bin hanyar ne don tunawa da addu'a. Tsawonta bai wuce mita 600 ba, ta cikin kasuwa take ratsawa, masu shaguna na kiran ciniki, 'yan dako na neman hanya. Da farko raina ya ɓaci, na so a yi tsit. Sai a tasha ta biyar, ta Saminu Bakurane, na gane cewa ranar ma haka aka yi. Jajibirin idi ne, kowa na hidimar gabansa, ga wani mutum jina-jina ana kora shi. Wanda aka tilasta wa ɗaukar gicciyen kuma mutumin Afirka ne, domin Kurane tana cikin ƙasar Libiya ta yau.

Abin da na samo ke nan, Mama, kuma shi nake miki fata. Ban ga wahayi ba, ban ji murya daga sama ba. Amma ranar da motarmu ta gangara daga Urushalima, mai tsayin mita kusan 800 sama da teku, zuwa Yariko da ke wajen mita 250 ƙasa da shi, cikin hamada tsirara babu ko inuwa, kunnuwana suka toshe, sai na ji labarin Basamariye mai tausayi kamar ban taɓa jin sa ba. Luka ya ce mutumin yana gangarowa ne. Shekara nawa ina karanta kalmar nan ina wucewa. Gani ya kori ji. Tun daga ranar, idan na buɗe Bishara ina ganin ƙasa da rana da nisan tafiya.

Baitalaminki tana kilomita kusan 10 kudu da Urushalima, a yankin Falasɗinawa, sai an bi ta shingen bincike. Cocin Haihuwa da ke tsaye yanzu ginin ƙarni na 6 ne, na zamanin Sarki Jastiniyan. Ƙofarsa ba ta fi mita 1.2 ba, babba da yaro sai ya sunkuya. A cikin kogon ƙasa akwai tauraron azurfa mai tsini 14 a inda ake tunawa da haihuwar. Mun yi fiye da awa biyu a layi, kowa kuma bai samu minti guda ba. Matan Zumunta da ke cikinmu ba su bar lokacin ya tafi a banza ba, suka yi Rosari da Hausa a hankali har muka isa. Wani dattijo Balarabe mai gadin wurin ya matso yana saurare, domin ya ji muna cewa Allah. Shi ma Kirista ne, da wannan sunan yake addu'a. A kasuwa kuma za ki ji ashirin, talatin, hamsin, ki gane farashi ba tare da tafinta ba.

Wani abin da nake so ki lura da shi: mabuɗin Cocin Kabari Mai Tsarki yana hannun Musulmi. Gidan Judeh ne ke ajiye shi, gidan Nusaiba ke buɗe ƙofa, ɗaruruwan shekaru ke nan. A ciki kuwa Girkawa 'yan Otodoks, da Armeniyawa, da mu Katolika, da Kibɗawan Masar, da Habashawa, da Suriyanawa, kowa da kusurwarsa da lokacinsa, bisa wani tsari da Daular Usmaniyya ta tabbatar a 1852. Ba kullum ake zaman lafiya ba. Na tsaya a farfajiyar na tuna garuruwanmu da abin da muka gani a cikinsu, na yi addu'a mai tsawo. Masu kula da ɓangarenmu 'yan ɗariƙar Waliyi Faransis ne, masu riga ruwan ƙasa da igiya a ƙugu, waɗanda Fafaroma ya damƙa wa aikin tun 1342. Baikon da kike sakawa ranar Juma'a Mai Kyau wurinsu yake zuwa, don wuraren da makarantu da Kiristocin ƙasar. Ashe kin daɗe da sa hannu a can.

Gwiwa kuwa, kada ki raina ta. Tsohon birni duk matakala ne da dutse mai santsi, gangaren Dutsen Zaitun zuwa Getsamani yana da tsauri, matakalar hawa Golgota ƙunci gare ta. Ki ga likita tun da wuri, ki fara tattaki kullum da safe wata uku kafin tafiya, ki nemi takalmi rufaffe mai laushi wanda ƙafarki ta riga ta saba da shi, da sandar dogarawa. Inda ba za ki iya ba, ki zauna ki yi addu'arki, babu laifi a ciki. Magungunanki su zauna a jakar hannu cikin kwalinsu. Idan tsakanin Disamba da Fabrairu ne, sanyin Urushalima ya fi hunturun Jos, ga ruwan sama, sai da rigar sanyi mai kauri. Fasfo kuma ya zama yana da sauran aƙalla wata shida.

Tsaraba, ki bari sai Baitalami. Iyalan Kirista na can da sassaƙar itacen zaitun suke ci, kuma duk lokacin da masu ziyara suka ɗauke ƙafa shagunansu rufewa suke, matasansu su yi ƙaura. Ki sayi Rosari da ƙananan gicciye a hannunsu, ki ba Fada ya sa musu albarka a Misa ta ƙarshe, ki ware mafi kyau ki kawo wa babban ɗanki.