Kankare wayar kafin ka naɗa

Ka ce me ya sa fankar da matar nan ta saya da ƙaramar Sallah ta ƙone tun ba ta cika wata biyar ba, alhali wadda ke rataye a shagon nan ta girme ka, har yau tana juyawa. To, ajiye wayar hannun nan ka saurara, don ba zan maimaita ba.

Ɗauki koyil ɗin fankar tata, wato naɗin wayar da ke cikin injinta. Ka ji shi sakayau? Sa reza ka kankare. Fari ne a ciki. Alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe sama-sama kamar lalle. Jan ƙarfe na gaske ya ninka shi nauyi sau uku, kuma in kaurinsu ɗaya, wutar da alminiyam zai ɗauka ba ta wuce kusan kashi 60 cikin 100 ba. Da masu ƙerawa suna ƙara masa kauri, da da sauƙi. Ba sa ƙarawa. Sai ya yi ta zafi, ga wutar Legas da ke zuwa yau ƙasa gobe sama, ga iskar teku mai gishiri tana cin bakin mahaɗa. Dalma ma ba ta kama shi yadda ya kamata.

Irin wannan wayar alminiyam ɗin ce ta ci min babur. Lokacin ina ƙaramin shago nan Agege, wata makarantar Islamiyya ta ba ni fanka 36 in sake musu naɗi kafin zafi ya shigo. Aiki mafi girma da na taɓa samu ke nan. Na je wurin dilan da na yi shekara shida ina sayayya a hannunsa, mutumin da har sunan ɗansa na halarta. Ya miƙo min naɗi biyu na waya, ja wur, ya ce sabon kaya ne, ya rage min kuɗi. Na ji hannuna bai yi nauyi ba, wallahi na ji, amma ragin ya rufe min ido. Kwana tara ina naɗi, dare da rana, har yatsuna suka tsage. Watan Maris bai ƙare ba aka aiko kirana. Na tarar da aji yana warin ƙuna, yara a waje, shugaban makaranta yana kallona kamar ɓarawo. Guda 21 sun tafi. Na koma wurin dilan, bai ko tashi daga kujera ba, ya ce ai ni ne ban iya naɗi ba. Ni! Na sayar da babur, na sayi jan ƙarfe, na sake duka 36 ɗin kyauta. Da na kai tsohuwar wayar wurin 'yan bola jari, yaron ya ɗaga ta sau ɗaya ya yi dariya. Abin da hannunsa ya sani, ni da sana'ata na ƙi yarda da shi. Shekara 14 ke nan, ban sake taka layin shagonsa ba.

 

Kuma ba waya kaɗai ba ce. Inda ake sa boris, zoben nan mai ƙwallaye da sandar fanka ke juyawa a ciki, yanzu bushi suke sawa, zobe marar ƙwallaye, ya cinye cikin shekara. Inda ake ɗaure noti sun like da gam, don kada ka buɗe sai ka fasa. Haƙoran injin markaɗe roba ne, a garin da ake niƙa wake da tattasai kullum. Wanda ya ƙera fankar nan bai nufe ta da gyara ba, so yake matar ta koma kasuwa.

In ta zo anjima, ka faɗa mata kuɗin naɗin jan ƙarfe ya kusa na sabuwa, ta zaɓa da kanta. Miƙo min ashana in nuna maka yadda ta jabun ke lanƙwashewa a wuta.