Yadda sabar BOINC ke rabon aiki

Malam, ka tambayi abin da ke gudana a ɓangaren saba, wato babbar kwamfutar da ke rabon aikin, idan dubban mutane suka ba da aron kwamfutocinsu don lissafin kimiyya. Bari in ɗauki BOINC, manhajar da David Anderson ya jagoranci ƙirƙirarta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2002, wadda aikin binciken sararin samaniya na Einstein@Home ke amfani da ita.

Ginshiƙin abin rumbun bayanai ne na MySQL, wato manhajar adana bayanai. Wata 'yar manhaja ke yanka babban aiki gunduwa-gunduwa ta zuba a ciki. Saba ba ta neman kowa. Kwamfutarka ce ke tuntuɓarta ta faɗi ƙarfinta, sai manhajar rabon aiki ta miƙa mata daidai abin da za ta iya, tare da wa'adi.

Wahalar duk tana wajen amana. Masu aikin ba su san na'urar da ke can ba: wata zafi ya sa tana kuskure, wani kuma maguɗi yake yi don ya tara makin da ake ba masu ba da aron kwamfuta. Shi ya sa akan tura gunduwa ɗaya ga kwamfutoci biyu, a gwada amsoshinsu. In sun saɓa, ko wa'adi ya wuce shiru, sai a tura wa ta uku. Gwajin ma ba wasa ba ne, domin na'urori sukan ɗan bambanta a lambobin ƙarshe na lissafi, dole masu aikin su yanke iyakar bambancin da za su lamunta. Sai an amince sannan a ba da maki, a kai sakamakon ga masu bincike, a goge tsofaffin fayiloli.