Amfanin allura bayan kansar hanci ta bazu

Ɗana, ka tambaye ni amfanin soka allurar da ke kashe ƙari da zafi ko sanyi a hantar mutumin da kansar hancinsa ta riga ta bazu, tunda a ganinka bakin alƙalami ya bushe. Bai bushe ba, sai dai ka fara sanin halin wannan cutar.

Irin kansar hancin da nake nufi, wadda likitoci ke kira esthesioneuroblastoma, tana tsirowa ne a rufin kogon hanci, daga ƙwayoyin da ke jin ƙamshi, dab da siririn ƙashin da ya raba hanci da ƙwaƙwalwa. A Faransa aka fara bayyana ta a 1924, kuma likita na iya gama aikinsa bai gan ta ba. Sau da yawa tafiyar hawainiya take yi. Mutum zai yi shekara 10 lafiya bayan tiyata, sannan ta ɓullo a kaluluwar wuya, ko huhu, ko ƙashi, ko hanta. Idan ƙarin ɗaya ne ko biyu, ƙanana, me zai sa a tsaga cikin bawan Allah?

Kada ka ƙona abin da ba ka tabbatar ba. Ɗebo ɗan tsoka a kai ɗakin gwaji tukuna, a kuma yi hoton jiki duka. In ta watsu ko'ina, maganar ta koma hannun likitocin maganin kansa da na gashi da haske.

Ƙarin da bai wuce santimita 3 ba shi ya fi jin wuta. Zafi ya haura digiri 60, ƙwayoyin sun mutu. Amma a gefe aikin yake. Ka haɗa da aƙalla milimita 5 na lafiyayyen nama kewaye da shi, domin daga nan cutar ke dawowa. Ka kuma duba ko babbar jijiyar jini na kusa. Jinin da ke gudu yana kwashe zafin, kamar mai dafa ruwa ana yi masa ƙarin na randa. A irin wannan wurin na fi natsuwa da allurar maikirowef, wadda gudun jini bai cika rage mata zafi ba.

Kusa da laka ko wata muhimmiyar jijiya kuwa, daskarar da ƙarin da allurar sanyi nake zaɓa. Za ka ga ƙwallon ƙanƙarar a hoton CT, duhu-duhu, yana girma a hankali, ka san inda za ka tsaya.

Kuma ka gaya wa marar lafiya gaskiya: ƙarin da muka gani muka kashe, wani na iya fitowa. Ka rubuta masa ranar hoto na gaba kafin a sallame shi.