Albarushi Marar Hayaƙi da Bijimin da Na Biya

Kai yaro, saƙonka ya iso. Wai ka gani a waya Turawa sun fito da sababbin albarushi marasa hayaƙi, na masu ɗura harsashi da hannunsu a gida, kana tambaya ko za su yi a bindigogin toka da mafarauta ke kawo mana gyara. Da a maƙera ka yi mini wannan tambaya, da ka sha awartaki a ƙeya. Wata bakwai kana riƙe zuga-zugi, wuta ma ba ka iya tsayarwa ba, ka tafi Amurka da ido.

Kada ka ɗauka don ina zaune gaban uwar maƙera ban san su ba. Akwai StaBALL 6.5 na kamfanin Winchester da ya fito a 2019, akwai N555 na Vihtavuori ta ƙasar Finlan, dukansu an yi su ne da harsasan raifil irin 6.5 Creedmoor a rai. Abin da suke taƙama da shi biyu ne: zafi da sanyi ba sa canja musu ƙarfi sosai, kuma suna rage jan ƙarfen da harsashi ke shafawa a cikin bututu. Sabo ne a wurinku. Asalin abin kuwa ya girmi kakanka, tun 1884 wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya haɗa shi, kuma tun a lokacin ya ninka baƙin albarushi ƙarfi kusan sau uku. Namu idan ya ci wuta fiye da rabinsa toka ne da hayaƙi. Wancan kusan dukansa iska yake komawa, kuma iya matse shin da ka yi iya haukansa. Harsashin raifil na .308 kaɗai an yarda matsinsa ya kai fam 62,000 a kan murabba’in inci guda. Su masu ɗurin can da sikeli suke aunawa, awon da sai ka tara 7,000 kafin ka cika fam ɗaya, suna duba littafin kamfani ga kowane irin gari. Mu nan mutum ya zuba a tafin hannu ya ce bismillah.

Ba don tambayarka na zauna rubutu ba, don abin da ta tuna mini ne.

Shekara 26 ke nan, bayan kaka, wani mafarauci daga ƙauyen yamma da mu ya kawo bindigar da ya gada wurin ubansa. Kunama ta saki, gindi ya tsage. Kwana huɗu na yi a kanta. Na gwada ta yadda maigidana ya koya mini, na ɗaure a gindin ɗorawa na ja da igiya daga nesa, sau uku, ko gezau. Ya biya rabi, ya ce sauran sai ya dawo daga daji. Kwana tara sai ga ’yan’uwansa da sanduna: bututu ya fashe, yatsunsa biyu sun tafi, wai na bar tsaga a ƙarfe na rufe da baƙin mai.

Aka kai ni gaban dagaci. Na ce a kawo ɓaraguzan. Ina ɗauka na ga bututun ya buɗe tun daga gindi kamar ɓawon ayaba, cikinsa fes, ba toka, ba warin nan na ruɓaɓɓen ƙwai da ko makaho ya san albarushinmu da shi. Na ce ranka ya daɗe, wannan ba garinmu ya ci ba. Mutumin ya rantse har da hawaye. To wa zai saurari maƙeri alhali ga mai hannu naɗe da tsumma yana nishi? Sarkin baka da ya kamata ya gane ya sunkuyar da kai, don surukinsa ne. Aka yanke in biya magani da diyya. Bijimina ja, wanda na yi shekara biyu ina turkawa don auren ’yata ta fari, shi na kai kasuwa. Shekara uku ko mai gyaran kunama ba ya leƙo ni, na koma ƙirar fartanya da lauje kamar ɗan koyo.

Sai da ƙanensa suka yi faɗan gona sannan gaskiya ta fito. Ashe harsasan bindiga mai baki biyu ya samu wurin wani direba, ya farke su da wuƙa, ya juye garin a bindigar toka da awon da ya saba, wai don ya kayar da gwanki da harbi ɗaya. Ka ji. Kuma ko a cikin marasa hayaƙin, na irin wannan harsashi ya fi na raifil saurin ci nesa ba kusa ba. Allah ne ya so shi da bai tafi da kansa ba.

Maganar yadda ake wanke bututu da duba tsatsa ba zan ɓata tawada a kai ba, ko jaki ya yi wata bakwai a maƙera ya gani. Ɗura harsashi a gida kuwa, dokar bindigogi ta 1959 tana nan, kada ka ja mini ’yan sanda bayan na yi furfura da takardata a hannu. Duk mafaraucin da ya karɓi bindiga daga hannunka, ka faɗa masa baƙin albarushi kaɗai, kuma ka faɗa a gaban mutum biyu. Ni a gaban ɗorawa na faɗa.

Mutumin yana nan da rai. Duk ranar kasuwa yana wucewa ta ƙofar maƙera, ya ɗaga mini hannun nan mai yatsu uku yana sannu da aiki. Rabin kuɗin gyarana har yau bai kawo ba.