Ta ina za a fara koya wa matasa haƙƙoƙinsu?

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ka wayar da kan matasa game da haƙƙoƙin da tsarin mulki ya ba su, alhali kai ba lauya ba ne. Shawarata ita ce ka fara da babin haƙƙoƙin ɗan Adam na kundin ƙasarku, sashe guda a kowane zama, ka kawo misali na kusa: wanda aka kama yana da damar sanin dalilin kamun, da ganin lauya, da gurfana gaban kotu ba tare da jan ƙafa ba.

Kuskuren da na fi gani shi ne ɗaukar Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a 1948 tamkar dokar da kotu ke tilastawa, ko mance cewa 'yancin taro yana da iyaka. Idan an tsare wani kuwa, a nemi lauya nan take.